Baƙar tawada ta jika 23

Wata guda ke nan da wani aminina ɗan kasuwa ya dawo daga Faransa, ya kawo mini tsarabar kwalbar baƙar tawada ta alƙalamin ruwa. Irin wadda kamfani kan yi 'yar kaɗan ce, ya buga wa kowace kwalba lamba, in ta ƙare shi ke nan. Mililita 50 ce, kuma ero 35 ya biya, wato wajen jika 23 na kuɗinmu. Biyu ya saya, ɗaya tawa ɗaya tasa, da niyyar ya riƙa rubuta littafin bashi da ita yana sa hannu ga takardun ciniki. Jin wannan niyya ya sa na ce masa ya dakata in gwada ta tukuna.

A ba ta haƙƙinta. Tana gudana bisa takarda kamar mai, ba ta yankewa, kuma a kan takarda mai kyau baƙinta wuluk yake, da ɗan ƙyalli ja-ja a gefen haruffa in an karkata ta ga haske. Amma a kan kayen 'yan lakwal, ko farar takardar da muka saba da ita a biro, sai ta baje ta yi gashi-gashi, ta ɓullo ta baya. Ba ta kuma saurin bushewa, don haka mai rubutun ajami, wanda hannunsa ke bi ta kan abin da ya rubuta, zai tashi da baƙin hannu.

Daga nan na ɗiga ta bisa takarda mai shan tawada, na ɗiga ruwa a kai. Nan take baƙin ya rabu, ga shuɗi, ga shunayya, ga ɗan rawaya a gefe. Wannan shaida ce cewa haɗin rini ce. Sai na rubuta lambobi kamar na bashi, na bari suka kwana, na zuba musu ruwan buta. Ba a yi minti guda ba sai inuwa mai toka-toka ta rage, ba ka bambanta 5 da 6. Shafin da na jingina ga taga kuwa, cikin mako biyu rana ta mai da shi ruwan ƙasa.

To, ina dalili? Baƙar tawada iri uku ce. Ta rini ita ce mafi yawa a kasuwa, mai daɗin rubutu da sauƙin wankewa daga alƙalami, kuma sauƙin nan shi ne rauninta. Ta biyu ta gawayi ce, 'yar'uwar zugen da malamanmu ke damawa da ƙaro. Rana ba ta cin gawayi. Tawadar allo tana wankuwa ne domin ƙaro na narkewa cikin ruwa, amma kamfanonin Japan sun niƙe gawayin ya yi laushin da zai bi alƙalamin ruwa ya kama takarda gam, kamar Platinum Carbon Black da Sailor Kiwa-Guro. Sai dai mai aiki da su ya riƙa wanke alƙalaminsa a kai a kai, balle da hunturu, lokacin da komai ke bushewa.

Ta uku ita ce irin yambari, wadda ake haɗawa da bagaruwa da kashin maƙera. Ƙarfen cikinta ne ke gamuwa da iska, rubutu ya ƙara baƙi bayan an yi shi, ya shige cikin takarda yadda ruwa ba ya fidda shi, ko da yake in ta yi tsami ainun takan ci takardar a hankali. Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da irinta, kuma a Ingila a da da ita ake rubuta rajistar aure. Wanda ya taɓa shiga cibiyar IRSH a Yamai, ya duba tsofaffin littattafan da marigayi Bubu Hama ya tara, ya ga aikin gawayi da ƙarfe da idonsa. Kada fa wani ya ji haka ya ɗura tawadar malam cikin alƙalami mai tsada, ƙaro zai toshe shi.

Hukuncina shi ne, kuɗin nan na kwalba ne da lambar da ke jikinta. Ga wasiƙar zumunci tawadar ta yi, ni ma da ita nake rubuta tawa yanzu. Ga littafin bashi, ko takardar fili, ko duk abin da wata rana zai kai gaban alƙali bayan damina ta zubo cikin kanti, ban yarda da ita ba.

Da na nuna wa aminin nawa shafin da na jiƙa, ya daɗe yana kallonsa bai ce komai ba. Shekaranjiya na biya kantinsa, na iske kwalbar cikin gilashi kusa da turaruka, littafin bashi kuwa yana buɗe bisa tebur, da baƙin bik a tsakiyarsa.