Kwamitin hanyoyin intanet ya tsaya kan aikinsa, ARCEP ta ɗauki nata

Ɗan kasuwar da ke jiran kuɗin wake ta wayar salula a Gidan Rumji, ko mai sayar da aya a Agie da Gazawa da ke aika farashi ta WhatsApp, ba lalle ba ne ya taɓa jin sunan GROW. Amma saƙon da ya tura yana bin ƙa'idojin da wannan kwamiti ke taimakawa wajen rubutawa.

Intanet tarin kamfanoni da hukumomi ne sama da dubu 70, kowanne da nasa rukunin na'urori. Kowane ɗaya yana sanar da maƙwabcinsa adireshin da zai iya kai saƙo gare su, ta hanyar wani tsari da ake kira BGP. Tsarin ya ginu ne kan amana, tamkar yadda direba a tasha zai ce motarsa za ta Birnin Ƙonni, fasinja ya shiga ba tare da neman takarda ba. Idan direban ya yi kuskure ko ya yi ƙarya, kowa ya ɓata.

Hakan ta taɓa faruwa a maƙwabta. Ranar 12 ga Nuwamban 2018, kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskure wajen saita na'urorinsa, ya sanar da hanyoyin Google kamar ta wurinsa ake bi. China Telecom ya karɓi sanarwar ya yaɗa ta, saƙonnin jama'a suka riƙa bi ta Rasha da Sin suna maƙalewa na tsawon minti 74. Shekara goma kafin nan, a Fabrairun 2008, yunƙurin Pakistan na toshe YouTube a cikin gida ya ɗauke shafin a yawancin duniya na kusan awa biyu.

GROW ɗaya ne daga cikin kwamitocin IETF, ƙungiyar injiniyoyin da ke tsara ƙa'idojin intanet tun 1986. Kowane kwamiti yana da takardar da ta iyakance aikinsa. Na GROW shi ne duba matsalolin da masu gudanar da BGP ke cin karo da su yau da kullum, da auna su, da rubuta shawarar yadda za a kauce musu. Sauya tsarin BGP kansa aikin wani kwamiti ne mai suna IDR, batun takardun shaidar mallakar adireshi da ake kira RPKI kuma yana hannun SIDROPS.

Mai sauraro zai iya cewa wannan iyaka ta yi ƙunci. Me ya hana kwamitin hukunta kamfanin da ya yi sakaci, ko tsawatar wa gwamnatin da ta rufe intanet, kamar yadda aka katse ta wayar salula a Nijar na kwana goma bayan zaɓen Fabrairun 2021? Ƙorafin yana da tushe, domin talaka ne ke shan wahala. Sai dai IETF ba ta da 'yan sanda ko kotu. Ƙarfinta kawai shi ne injiniyan Amurka da na Sin da na Nijar duk sun yarda cewa abin da ta rubuta fasaha ce tsantsa. Ranar da ta koma alƙalin siyasa, wannan yarda za ta watse. Taura biyu ba ta taunuwa.

Kuma ƙuncin ya haifar da abin amfani. A 2016 kwamitin ya fitar da takarda mai lamba RFC 7908 wadda ta fayyace ire-iren yoyon hanya irin na MainOne. A 2017 ya biyo da RFC 8212, wadda ta ce kada na'ura ta karɓi ko ta aika sanarwar hanya ga wani kamfani sai an rubuta mata umarni a fili. Ƙa'ida ce gajera, ba ta buƙatar sayen sabon gini ko ɗaukar ma'aikata ɗari. Irin wannan aiki ya kamata takardar kwamitin ta ci gaba da fifitawa, domin shi ne ƙaramin kamfani a ƙasar Sahel zai iya aiwatarwa.

Nijar ba ta da teku. Intanet ɗinta na shigowa ne ta igiyoyin da suka ratso maƙwabta irin su Benin da Najeriya, shi ya sa katsewar igiyoyin ƙarƙashin teku ta 14 ga Maris 2024 ta shafe ta. Wanda ke ƙarshen layi shi kuskuren wasu ya fi cutarwa, don haka shi ya fi buƙatar a bi ƙa'ida.

Nan ne aikin ARCEP, hukumar kula da sadarwa ta Nijar, ya fara. Ita ke da ikon da IETF ba ta da shi. Ya dace ta wajabta wa Niger Telecoms da Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom su yi wa adireshinsu rajistar RPKI a wurin AFRINIC, su tace duk sanarwar da ke shigo musu, su kuma bayyana wa jama'a dalili duk lokacin da layi ya ɗauke. Haka nan ta tura injiniyoyin ƙasar cikin muhawarar GROW, wadda ba a biyan ko dala kafin a rubuta mata ra'ayi. Idan ba su faɗi matsalolin masu layi ɗaya ko biyu zuwa waje ba, manyan kamfanonin Turai da Amurka ba za su faɗa musu ba.