Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Daraktan Asusun Fansho na CNPS

Ranka ya daɗe,

Daga Garwa muke rubuto maka. A shekarar 2016 gwamnati ta ƙara kuɗin fanshon da ake zubawa a asusunku daga kashi 7 zuwa 8.4 cikin ɗari na albashi. Ma'aikacin kamfanin auduga na Sodecoton yana ganin abin da ake yankewa a takardar albashinsa duk wata, don haka haƙƙinsa ne ya san ko asusun zai iya biyansa ranar da ya cika shekara 60. Muna roƙon ku riƙa bayyana wa jama'a hasashen shekara 30 masu zuwa: masu zubi nawa, 'yan fansho nawa, kuma yaushe giɓi zai iya ɓullowa.

Za a ce gobe ta Allah ce, kuma hasashe kan kuskure. Haka ne, shi ya sa ake sabunta shi duk 'yan shekaru. Tun 2014 aka buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofar shiga, amma manomin auduga ko mahaucin kasuwar Marwa ba zai yi zubin wata 180 da ake buƙata don samun fansho a asusun da bai ga lissafinsa ba. Ku kawo lissafin nan Arewa, ku bayyana shi da Fulatanci da Hausa a rediyo.

Wassalam.