Ƙorafi ga Firayim Ministan Japan kan alkawarin da aka yi wa masuntan Fukushima



Kuka na kawo a kan masuntan gaɓar Fukushima, kuma tushen kukan alkawari ne da aka ɗauka aka saɓa.

A shekarar 2015 gwamnatinku da kamfanin TEPCO, mai tashar nukiliya ta Daiichi, suka ba ƙungiyar masuntan jihar tabbaci a rubuce cewa ba za a zubar da gurɓataccen ruwan da aka tace a tashar ba sai da fahimtar waɗanda abin ya shafa. Ranar 24 ga Agustan 2023 aka fara sakin ruwan ta bututu mai tsawon kilomita guda a ƙarƙashin teku, alhali masuntan na nan kan bakansu na rashin amincewa.

Ba na ja da masana. A lokacin, ruwa sama da tan miliyan 1.3 ya cika tankuna fiye da 1,000, wuri ya ƙure. Na'urar ALPS na tace sinadarai 62, sai tiritiyam da ba ya tatuwa domin a jikin ruwan yake, shi ake sirkawa da ruwan teku har ya sauko ƙasa da bekerel (ma'aunin tururin nukiliya) 1,500 a lita, nesa da 10,000 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade wa ruwan sha. Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta duba a Yulin 2023 ta ce tsarin ya yi daidai da ƙa'ida. Na yarda. Amma uwar gidan da ke tsaye gaban teburin kifi ba bekerel take aunawa ba. Sunan Fukushima take gani a jikin takarda, ta ajiye, ta ɗauki na wani gari.

Wannan sunan masuntan ne suka wanke shi, da guminsu. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar 2011 da suka lalata tashar Daiichi, jiragen kamun kifi suka zauna a tashar ruwa ta Soma da ta Onahama. A Yunin 2012 aka fara kamun gwaji, kaɗan-kaɗan: a kamo, a ware wasu, a daddatsa naman, a auna, sannan a kai saura kasuwa. Haka suka yi ta yi kusan shekara tara, har ƙarshen Maris ɗin 2021. Mako biyu kacal bayan nan gwamnati ta sanar da shawarar zubar da ruwa. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Ranar da aka fara sakin ruwan, Sin ta haramta kifin Japan baki ɗaya, asarar ta kai har ga masuntan Hokkaido, can arewa, da ba su ci ba su sha ba.

Akwai kuma maganar amana. Sai a 2018 jama'a suka ji cewa akasarin ruwan tankunan na ɗauke da wasu sinadaran fiye da ƙima, dole a sake tace shi. Aikin sakin ruwan zai ɗauki shekara 30 ko fiye, yaran da ke koyon gyaran koma yau su ne za su gaje shi.

Don haka nake roƙon a ba wakilan masunta kujera ta dindindin a wajen awon ruwan, tare da ikon cewa a dakata idan sun ga abin da bai kwanta musu ba. Diyyar asarar kasuwa a biya ta kan kari, kada a bar ƙaramin masunci yana yawo da takardu. Sannan gwamnati ta je Fukushima, ta faɗa a gabansu cewa ba ta cika alkawarin 2015 ba.