Kowa Da Maganin Da Ya Karɓe Shi

Masu iya magana sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Haka magani yake. Sau da yawa a ɗakunan kwananmu na Jami'ar Tarayya ta Dutse, ɗalibi zai kwanta rashin lafiya, sai abokinsa ya miƙo masa ragowar ƙwayoyin da ya sha, ya ce ai shi sun yi masa aiki. Alhali kuwa jinin kowa da irin gadon da ya yi.

Akwai wani sinadari a cikin jajayen ƙwayoyin jini, likitoci suna kiransa G6PD, wanda aikinsa shi ne kare ƙwayoyin daga fashewa. Mutane wajen miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancinsa, kuma a Nijeriya kusan namiji ɗaya cikin biyar yana da wannan gado, wanda ɗa yake samu daga wajen uwarsa. Mai shi yana iya girma lafiya lau bai sani ba, sai ranar da ya sha maganin da bai karɓe shi ba, kamar Primaquine na zazzaɓin cizon sauro, ko Dapsone na kuturta, ko Nitrofurantoin na ciwon mafitsara. Cikin kwana biyu ko uku idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, jini ya yi ƙasa. Har kafur ɗin da iyayenmu mata suke sawa cikin kayan jarirai yana iya jawo wa irin wannan jariri shawara mai taɓa ƙwaƙwalwa.

Wannan ilmi ba sabo ba ne. Tun 1956 masana a Amurka suka gano asalin abin, kuma a 1969 binciken Lucio Luzzatto a Ibadan ya nuna cewa ƙwayar zazzaɓi ba ta jin daɗin zama cikin irin wannan jini, dalilin da ya sa gadon ya yawaita a ƙasashenmu ke nan. A 2008 sai da aka janye maganin Lapdap daga kasuwa saboda ɓarnar da ya yi wa masu wannan gado.

Jama'armu sun riga sun fahimci amfanin gwajin sikila kafin aure, to wannan ma ɗigon jini kaɗan yake bukata, kuma sau ɗaya ya isa ga yawancin mutane. Saboda haka muna kira ga hukumar jami'a ta haɗa shi cikin gwajin da ake yi wa sababbin ɗalibai, a rubuta sakamakon a katin asibiti. Muna kuma roƙon Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni da Ma'aikatar Lafiya ta Jigawa su fara auna jarirai, musamman maza, kafin a sallami mai jego.

Mu kuma ɗalibai da matasan ma'aikata, kafin a kai ga haka, mu daina rabon magani tsakaninmu, mu daina sayen ƙwaya a kemis ba takardar likita. Wanda wani magani ya taɓa sa masa shawara, to ya riƙe sunansa, ya gaya wa duk likitan da zai duba shi. Allah ya ba mu lafiya mai amfani.