Zuwa ga Kanikawan Dioundiou: Jak Ba Madogara Ba Ne

Ya ku iyayen gidan gareji na Dioundiou, Karakara da Zabori. Duk akori-kurar da ke kwasar rake daga fadamun Dallol Maouri, ko ta ɗauko buhunan hatsi zuwa Gaya da Dosso, a hannunku take samun lafiya. Roƙo ɗaya na zo da shi: kada kowa ya sake kwanciya ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Kun fi ni sanin cikin jak. Mai ne ke ɗauke da nauyin, ƴar robar da ba ta wuce zobe ba ita ke tsare man. Zafin bazara yana busar da ita, ƙurar hunturu tana cinye ta, kuma ranar da za ta saki ba ta sallama. Ga ƙasarmu rairayi: gindin jak yana nutsewa kaɗan-kaɗan, ya karkace, bakanike na can ƙasa yana kokawa da noti, kowane jan sifana yana girgiza motar. Hilux ko babu kaya ta kusa tan 2, balle an lafta mata rake har sifirin ya miƙe. Birkin hannu kuwa ƙafafun baya kawai yake kamawa, don haka da zarar an ɗaga baya, babu abin da zai hana ta gangarawa sai dutse ko katakon da aka tokare ƙafafun gaba da shi. Bulon siminti da wasu ke turawa ƙarƙashin shasi shi ma tarko ne, cikinsa rami, farat ɗaya yake rugujewa.

Na san za a ce direba na sauri, kasuwa na ci, in ka ce a sauke kaya sai ya tafi garejin gaba. Gaskiya ne, abincin yau ba abin wasa ba ne. Amma shimfiɗa faffaɗan katako ƙarƙashin jak, tokare ƙafafu, kafa kututture mai ƙwari a ƙarƙashin shasi, tura tayar da aka cire da ƙarfenta ta zauna kusa, sannan a zare makulli a sa aljihu, duka bai kai lokacin da ake ɓatawa wajen cinikin kuɗin aiki ba. In kuɗi ne, mai walda na kusa zai haɗa muku madogarar ƙarfe mai faɗin gindi da za ta yi shekaru tana aiki. Wasu kuma su ce sun tsufa a sana'ar ba abin da ya same su, ajali ne kawai. Ajali gaskiya ne, amma addininmu bai raba tawakkali da ɗaukar mataki ba, kuma mutumin da mota ta danne wa ƙirji yana iya cikawa kafin a kai shi babban asibitin Dosso.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba maigida ke yawan shiga ƙasa ba, yaron da iyayensa suka kawo koyon sana'a ake turawa, don ya fi ƙanƙanta kuma ba ya musu. Amana ce aka damƙa muku. Don Allah ku zauna, ku mai da wannan doka a kowane gareji, yadda direban da aka ƙi wa gaggawa a nan zai tarar da amsa iri ɗaya a can.

Allah ya tsare, ya sa albarka a sana'a.