Ungogo: Wa ke bin majinyaci idan asibiti ya ce a mayar da shi gida?

Akwai wata magana da iyalai da dama a Ungogo suka taɓa ji daga bakin likita: a koma da marar lafiya gida, a ci gaba da addu'a. Ba wanda ke neman ƙarin bayani, kowa ya gane cewa ciwon ya fi ƙarfin magani. Sai a naɗe tabarma, a tattara kwanuka da filas, a nemi adaidaita sahu a nufi Bachirawa ko Rangaza ko Panisau. Daga ranar sunan majinyacin ya fita daga lissafin asibiti, alhali kuwa a lokacin ne buƙatarsa ta kulawa ta fi tsanani.

Ana yawan auna ingancin asibiti da kyan gini, da yawan gadaje, da na'urorin da aka sayo. Wannan ma'auni bai ce komai ba game da matar da kansar mama ta ci ƙarfinta, ko dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ko magidancin da kuɗin wankin ƙoda ya gagare shi. Ya kamata a ƙara wani ma'auni: me asibiti ya yi wa mutumin da ya tabbata ba zai iya warkar da shi ba?

Reshen likitanci ne mai zaman kansa

Kula da wanda ciwonsa ba ya warkewa fanni ne da ake koyarwa, ake kuma jarraba ingancinsa. A 1967 wata Baturiyar Ingila, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin jinya kafin ta zama likita, ta buɗe gidan St Christopher's a Landan domin irin waɗannan majinyata. Irin wannan gida shi ake kira hosfis. Abin da ta koyar shi ne raɗaɗin mai ciwon ajali ya haɗa zogin jiki da fargaba da damuwar iyali da ta ibada, kuma kowanne yana da abin da za a yi masa.

A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri cewa kowace ƙasa ta sanya wannan kulawa cikin tsarin lafiyarta, har zuwa matakin farko. Alƙaluman hukumar sun nuna mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatarta duk shekara, amma kashi 14 cikin 100 kacal ke samu. Najeriya tana can ƙasa. A wani jadawali da sashen bincike na mujallar Economist ya fitar a 2015 kan ingancin kulawar ƙarshen rayuwa, ta zo ta 77 cikin ƙasashe 80.

Ba a ce ba a fara komai ba. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe sashen wannan kulawa a 2007, bisa jagorancin Farfesa Olaitan Soyannwo, kuma a 2021 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da manufa ta ƙasa a kai. Sai dai tsakanin takardar Abuja da ɗakin wata tsohuwa a mazaɓar Karo akwai tafiya mai nisa.

A ƙasar Hausa da wuya a samu iyalin da zai yarda ya kai mahaifinsa wani gida ya cika a hannun baƙi. Za a ce an gaji da shi, abin kunya ne. Saboda haka hosfis ɗin Ungogo shi ne ɗakin gida, ma'aikatansa kuwa matar aure ce da 'ya mace da suruka, babu horo, babu kayan aiki, babu mai karɓar su idan sun gaji. Duk mai son auna ingancin kulawa a wannan ƙaramar hukuma, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta sama da mutum 360,000 a mazaɓu 11, to a wannan ɗakin zai aje ma'auninsa.

Ma'auni na farko: shin yana barci?

Jiki magayi. Tambaya mafi sauƙi da za a yi wa iyali ita ce ko majinyaci yana samun barci da dare, ko kuwa maƙwabta ma suna jin nishinsa. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa matakai uku na kashe zogin kansa: a fara da irin su farasitamol, idan bai yi ba a hau zuwa kodin ko taramol, idan abin ya tsananta a ba da mofin. Mofin na sha yana cikin jerin magungunan da hukumar ta ce dole kowace ƙasa ta tanada, kuma ba shi da tsada. Ana ba da shi a kan lokaci, galibi duk bayan awa huɗu, ba sai an jira zogi ya dawo ba, tare da maganin da zai hana taurin bayan gida.

Amma rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya gano cewa abin da Najeriya ke samu na irin wannan magani bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatar majinyatanta ba. Haka nan ƙiyasin 2020 ya nuna kansa kaɗai ta kashe kusan mutum 79,000 a ƙasar cikin shekara guda. Idan aka haɗa lissafin biyu, za a gane yadda akasarinsu suka ƙarasa kwanakinsu.

Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a aiki yaro kemis ya karɓo duk abin da mai shago ya ga dama, ko a kira wani ya zo ya yi allura. Wasu daga cikin magungunan kashe ciwon da ake sayarwa barkatai suna lalata ƙoda, suna kuma jawo gyambon ciki idan aka daɗe ana sha. Asibitin da ya sallami mai kansa ba tare da ya rubuta masa tsarin kashe zogi ba, da inda za a samo maganin idan ya ƙare, bai kammala aikinsa ba.

Ma'auni na biyu: an faɗa wa iyali gaskiya?

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta bai wa majinyaci haƙƙin sanin halin da yake ciki da zaɓin da yake da shi. Duk da haka iyalai da yawa suna barin asibiti ba su san sunan ciwon ba, balle inda ya kai. Wannan shirun yana da tsada. Ungogo ƙasar manoma ce da gonaki suka yi kusa da gari, fili ya yi daraja. Iyalin da ba a zaunar da shi an yi masa bayani ba zai yanka gona ya sayar, ya bi asibitin kuɗi, ya bi mai maganin gargajiyar da ya ji a rediyo, har a wayi gari babu majinyaci babu gona, ga marayu.

Faɗar gaskiya ba ta nufin yanke wa mutum ƙauna, rai da ajali na Allah ne. Akwai hanyar da za a bi cikin ladabi da Hausar da kowa zai fahimta, a gaban wanda majinyaci ya amince da shi. Wanda ya san halin da yake ciki yana samun damar biyan bashi, ya yi wasiyya, ya nemi gafarar waɗanda ya ɓata wa, ya kira ɗansa da ke Legas. Ɓoye masa yana ƙwace masa duk wannan.

Ma'auni na uku: an koya wa mai jinya aikin?

Wanda ya daɗe a kwance, fatar bayansa da ƙugunsa da diddigensa tana mutuwa ta zama gyambo mai wari idan ba a juya shi kamar duk bayan awa biyu. Wannan ilmi ne da za a koyar cikin 'yan mintuna kafin sallama. Haka nan yadda za a wanke miki, da jiƙa baki idan ya bushe, da kula da robar fitsari, da ba da kunu ba tare da an shaƙe marar lafiya ba. Ya kamata kuma a ba iyali lambar wayar da za a ɗauka da tsakar dare, domin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana kan titin Zariya ne, sai an ratsa birni gaba ɗaya daga arewacin Ungogo.

Ungogo ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun shekarun 1930 ake kula da masu cutar kuturta a Yadakunya, a asibitin da aka fi sani da Bela, tun kafin a samu maganin da ke warkar da ita. Wurin da ya shafe gomman shekaru yana wanke gyambon da ba ya jin magani yana da gogewar da za a iya gina tawagar ziyarar gida a kanta.

Akwai ma ma'auni a rubuce da aka tsara domin Afirka. Ƙungiyar kula da masu irin wannan jinya ta nahiyar ta fitar da tambayoyi goma, bakwai ga majinyaci, uku ga iyalinsa, kowace ana ba ta maki daga 0 zuwa 5. Suna tambaya kan zogi, da damuwa, da kwanciyar hankali, da ko iyali ya samu bayanin da yake buƙata. Ma'aikaciyar lafiya a ƙaramin asibitin mazaɓa za ta iya cike su a zama ɗaya.

Masu ja da wannan magana

Wasu za su ce Kano da ke fama da shaye-shaye ba ta buƙatar a ƙara sakin mofin. Fargabar tana da tushe. Kowa ya tuna yadda gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 bayan binciken BBC da ya nuna ɓarnar da yake yi, har da a Kano. Sai dai kodin da taramol ɗin da matasa ke sha ta kasuwar bayan fage suke shigowa, kuma hana tsohuwa mai kansa magani bai rage ko ƙwaya ɗaya a can ba. Yuganda ta nuna hanya. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa hosfis a Kampala a 1993 tana haɗa mofin na sha daga gari da ruwa. A 2004 ƙasar ta ba ma'aikatan jinya masu horo na musamman izinin rubuta shi, tare da rajistar da ke bin kowace kwalba. A jadawalin 2015 ɗin nan Yuganda ta zo ta 35.

Wasu kuma za su ce kuɗin lafiya bai ishi masu haihuwa da yara masu zazzaɓi ba, ina ga wanda zai tafi. Amma wannan kulawa ba ta da tsada: babur, da jakar kayan wanke miki, da magani mai rahusa, da ma'aikaci mai horo. Jihar Kerala ta Indiya ta gina nata tsarin ne kan 'yan sa-kai na unguwanni da ke zagaya gidaje tare da nas.

Akwai kuma masu ganin haƙuri da ciwo lada ne. Haka ne, amma addinin da ya yi umarni da haƙuri shi ne ya yi umarni da neman magani da dubiya. Wanda zogi ya gusar wa hankali ba ya iya salla cikin natsuwa, ba ya ma jin mai laƙƙana masa kalmar shahada.

Abin da ya rage a yi

Hukumar kula da asibitocin jihar Kano tana iya wajabta cewa kada a sallami mai ciwon da ba ya warkewa sai da takardar tsarin kulawa, a kuma aika kwafinta ƙaramin asibitin mazaɓarsa. Hukumar lafiya matakin farko ta horar da aƙalla ma'aikata biyu a kowace mazaɓa cikin 11 ɗin nan domin ziyarar gida ta mako-mako. Hukumar KSCHMA ta sanya wannan ziyara da maganin kashe zogi cikin abin da take biya, Hukumar Zakka da Hubusi kuma ta ɗauki nauyin waɗanda ba su da ko sisi. Masu unguwanni da limamai sun san kowane gidan da ke da marar lafiya a kwance, su ne za su fi kowa saurin haɗa sunaye.

Kafin hukumomi su motsa, iyalai ma suna da abin yi. Ranar da likita ya ce a koma gida, kada a tashi daga gabansa sai an tambaye shi sunan ciwon, da maganin da za a ba da idan zogi ya tashi cikin dare, da wanda za a kira idan abin ya rikice. Amsar da ya bayar ita za ta nuna irin asibitin da aka je.