Uwargida, Kin Taɓa Duba Tayar Bas ɗin Yaranki?

Yau zan taɓo batun da za ki ce na maza ne, wato tayar mota. Amma 'yar uwa, 'ya'yan wa ake lodawa a bas kowace safiya? Su wa ke cika bas ranar kai amarya?

Kwanakin baya kwamitin iyayen Islamiyyarmu a Samaru ya tara kuɗin canza tayoyin bas ɗin ɗalibai kafin damina. Aka wakilta ni tare da direba zuwa Sabon Gari. Wani mai shago ya mirgino mana tayoyin gwanjo, zanensu zurfi-zurfi, kuɗinsu ƙasa da na sababbi sosai. Ya ce: "Malama, daga Turai suke, cikin ƙanƙara ma ba sa zamewa, balle ruwan Zariya." Har na miƙa hannu jaka, sai direbanmu, dattijo ne da ya daɗe a hanya, ya ce: "Malama, dakata. Ai abin da ya yaba ɗin shi ne aibinsu."

Ga bayanin. A ƙasashen sanyi ana yin taya ta musamman don hunturu. Robarta mai laushi ce, don kada ta sandare idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. A Jamus tun 2010 doka ta wajabta irinta idan hanya ta yi ƙanƙara. Ana kuma shawartar direbobinsu su cire ta da zarar zurfin zanenta ya ragu zuwa milimita 4. Shi ya sa take iso mana da sauran kyan gani. To amma robar da aka yi wa sanyi, idan ta hau kwaltar Zariya a watan Afrilu, sai ta ƙara laushi, ta ci da wuri, burki kuma ya ɗauki nisa kafin mota ta tsaya. Ki ƙara da tsufa da lodin mutum 18, ki ga abin da ake wasa da shi.

Tun da kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ya daina yin taya a Legas a 2008, kasuwa ta dogara da ta waje, gwanjo kuwa ta samu shiga. Fashewar taya ba ta san babba ba. A watan Maris na 2016 ƙaramin ministan ƙwadago, James Ocholi, ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja bayan tayar motarsu ta fashe.

Saboda haka ga abubuwa huɗu da ke kanki za ki iya dubawa, ba sai kin zama makanike ba.

Na farko, alama. Idan kin ga zanen dutse mai ƙololuwa uku da tauraron ƙanƙara a cikinsa a gefen taya, galibi ta ƙasar sanyi ce. A bar ta.

Na biyu, shekaru. Ki nemi haruffan DOT, ki bi layin zuwa lambobi huɗu na ƙarshe. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Roba tana tsufa ko ba a taɓa ɗaura ta ba. Tsohuwar taya mai ƙananan tsage-tsage ba ta da amana, komai kyan zanenta.

Na uku, ƙarfin ɗaukar kaya. Bas irin Toyota Hiace tana buƙatar tayar da aka yi don lodi, wadda lambar girmanta ke ƙarewa da harafin C, kamar 195R15C. Tayar ƙaramar mota ko ta shiga, ba ta da wannan ƙarfi.

Na huɗu, zurfin zane da iska. Zanen nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya. Idan ya suɗe ya kai milimita 1.6, mota na iya yin sulu a ruwan Agusta, sitiyari ya ƙi jin magana. Iska kuma a auna ta wurin mai faci da safe kafin taya ta yi zafi, har da safaya. Ƙarancin iska da yawan lodi su ne ke dafa taya har ta fashe.

Mu dai a ranar mun sayi sababbi biyu, muka koma wa iyaye da bayani, aka ƙara tara kuɗi aka cika sauran. An ɗan yi gunaguni, amma arha ba ta ado.

'Yar uwa, ki yi wa maigida wannan magana cikin ladabi da hikima. A taron iyaye kuma ki ɗaga hannu ki tambayi yaushe aka canza tayoyin bas. Yara amana ce a hannunmu, dogaro ga Allah kuwa bai hana ɗaukar mataki ba. Gobe da safe, kafin ki ce "a dawo lafiya," ki ɗan sunkuya ki karanta lambobin nan huɗu.

Allah Ya tsare mana zuri'armu a gida da hanya, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.